Yadda A-Kim Mai Kukan Haya Ta Koma Jinyar Tsofaffi

A ƙauyukan gaɓar Yunlin, daga gonakin tafarnuwa har tafkunan kifi, da wuya ka sami wanda ya manyanta bai taɓa jin muryar Kho Siu-kim ba. A-Kim ake ce mata, sana'arta kuwa kuka. Idan aka yi rasuwa a gidan da 'ya'ya suka daɗe a birni har hawayensu ya ƙafe, ko gidan da ake so maƙwabta su san an yi babban rashi, ita ake ɗaukowa. Sai ta sa fararen kaya, ta ja farar hula ta rufe rabin fuska, ta durƙusa tun daga bakin titi da makirfo a hannu, ta yi ta rarrafe har gaban akwatin gawa tana kiran mamacin Baba ko Inna kamar shi ya haife ta. Kafin ta ci rabin hanya mata sun fara sharɓe. Kafin ta isa, har surukin da ya zo don ya ji yadda za a raba gona ya fara laluben hankici.

Ba da kuka ta fara ba. 'Yar manoman gyaɗa ce, tana budurwa ta gudu ta bi 'yan wasan kwaikwayo masu kafa dandamali a gaban ɗakunan bauta. Kullum baiwa mai tsegumi ake sa ta fito, don ba ta da fuskar gimbiya, kuma bakinta ba ya jiran a tsara masa magana. Da talabijin ta shiga gidaje aka daina fitowa kallo. Ranar da suka yi wasa a gaban karnuka da wani mai rake, shugaban ƙungiya ya raba musu kayan wasa aka watse. Ita da mai busa musu algaita, Bun-hiong, suka yi aure, suka koma wurin da ba a taɓa rasa 'yan kallo, wato makoki.

Abin da ya sa ta fi sauran masu kuka kasuwa shi ne ba ta kukan da aka haddace. Kafin ranar jana'iza takan tambayi 'ya'yan mamaci ko wane irin mutum ne, me yake so, me ya tsana. Sau da yawa sai su kalli juna. Daga nan sai ta zaga wurin maƙwabta, inda ba a rasa labari, har da wanda ba a tambaya ba. Shi ya sa idan ta buɗe baki kowa yakan ji mamacin ne dai da ya sani. Wani lokaci kuma takan saka ƙaya a cikin zuma. Ta taɓa rera wa wani dattijo cewa ya yi haƙuri da babban ɗansa, hanyar Taipei ce ba ta da kirki, ba ta buɗewa sai ranar rabon gado. Muryar ta yi daɗi har ɗan ya ƙara mata wani abu a ambulan, sai da ya kama hanyar komawa maganar ta iske shi.

Ranar da Bun-hiong ya rasu, A-Kim ta nemi hawaye ta rasa. Ta matsa, ta tuno duk wani abin tausayi, ko ɗigo. Dole ta ɗauko abokiyar gasarta daga garin gaba ta yi mata kukan, ita kuma ta zauna a gefe tana cewa a ranta matar nan ta cika jan numfashi a inda bai kamata ba.

Bayan haka abubuwa biyu suka haɗu suka raba ta da sana'a. Gwiwoyinta suka ƙi rarrafe, mutane kuma suka koma yin jana'iza shiru-shiru a ɗakunan taro na birni, ba lasifika ba algaita. 'Yarta da ke Taichung ta ce ta dawo wurinta ta huta. A-Kim ta je ta ɗan kwana biyu a can saman bene, ta ga ba wanda ya san maƙwabcinsa balle ya yi gulmarsa, ta tattaro kayanta ta dawo. Tana dawowa ta ji ofishin kula da tsofaffi da masu rauni yana horar da waɗanda za su riƙa shiga gida-gida suna yi wa mutane wanka da girki da shara. Ta ce ai ta yi shekaru tana yi wa tsofaffi hidima bayan sun tafi, bari ta gwada zuwa da wuri.

Ta koyi aikin sosai, don ba ta da ƙyanƙyami kuma hannunta da ƙarfi. Ta iya juya majiyyaci ba tare da ta karya bayanta ba, ta iya sauya kunzugu, ta iya ba da kunu ba tare da ya sarƙe mutum ba. Ranar jarrabawa ta yi wa mutum-mutumin roba wanka tsaf, ta shafa masa mai, ta ja zani ta lulluɓe shi, sai hannu ya bi sabo ya wuce da zanin har fuska. Mai jarrabawa ta yi gyaran murya. A-Kim ta ce ai ta lura tun safe bai yi numfashi ba.

Wadda ke raba wa ma'aikata gidaje a ofishin ita ce Malama Liau Pei-shan, sa'ar 'yar A-Kim, mai magana a hankali, wadda ba ta dariya a wurin aiki sai ta juya baya. Goggo Kim take ce mata. Ita ta fara hango matsalar da ke tafe, kuma ba a daɗe ba ta tabbata. Gidan farko da A-Kim ta faka babur, tsohuwar gidan ta leƙo ta taga, ta gane fuskar, ta sa sakata. Gida na biyu aka bar ta ta shiga, amma tana juya baya aka watsa gishiri da shinkafa a inda ta taka don korar mugun abu. Malama Liau ta ce ta gwada sa takunkumi da tabarau. Ta sa, ta isa gida na uku, tana cewa sannunku da gida wani tsoho ya saki kofin shayi. Muryar da ta raka rabin abokansa ba za ta ɓuya a bayan ƙyalle ba.

Ana nan Malama Liau tana shawarar mai da ita wata gunduma, sai gidan Kawu Ting ya sake zama ba ma'aikaci. Ting Ban-hok tsohon mai amalanken shanu ne, ya yi rayuwarsa yana dakon rake. Shanyewar ɓarin jiki ta same shi, asibiti suka ce in ya yi ƙoƙari zai taka, shi kuwa tun da aka dawo da shi ya juya fuska bango ya ƙi tashi. Duk ma'aikaciyar da aka tura sai ya kore ta, wata da zagi, wata da jifa da takalmi. Ɗansa yana aikin gini a arewa. Nauyin duka ya faɗa kan matar ɗan, Diem, wadda aka auro daga Vietnam, ga ƙaramar 'ya, ga aikin ɓarar tafarnuwa da take yi a tsakar gida don a samu na cefane. Malama Liau ta ce wa A-Kim ba ta sa ran komai, ta dai je ko Diem za ta samu ta runtsa.

A-Kim ta shiga ɗakin ba takunkumi. Tsohon ya juyo da ido ɗaya ya dube ta.

"Wa ya mutu?"

Ba ta shirya amsar ba, bakinta ne ya riga ta. "Tukuna dai, Kawu. Hanya na zo dubawa. Daga ƙofa zuwa gadon nan da 'yar tazara, ga dokin ƙofa, ni kuma gwiwata ba kamar da ba."

Ya ce ta fita. Ta jawo kujera ta zauna, ta ce an riga an rubuta mata gidan nan har azahar, in ba zai bari ta taɓa shi ba, to za ta yi amfani da lokacin ta tanadi abin da za ta faɗa ranar jana'izarsa, don ba ta son aikin gaggawa. Ta gyara murya ta fara ƙasa-ƙasa. Ta rera cewa Baba mutum ne mai son zaman lafiya, bai taɓa tsinana abin da zai gajiyar da shi ba. Ta rera cewa shekarar babbar ambaliya, lokacin da abokin sana'arsa So Thiam-ting ya fito da amalankensa ya kwashe mutanen unguwar gangare, Baba yana kan rufin ɗaki rungume da agwagwa yana yi musu fatan alheri.

A-Kim ta san gaskiyar labarin sarai, don ta yi kukan mutane da dama da Ting ya tsamo daga ruwan nan. Ta kuma san shi da So sun yi shekaru suna takun saƙa a kan wanda bijiminsa ya fi ƙarfi.

"So?" in ji tsohon. "So da ko a kwata bai iya iyo ba?"

Ya dogara da gwiwar hannunsa mai lafiya ya ɗago, bakinsa a karkace, yana ƙoƙarin fitar da magana fiye da yadda harshen zai iya ɗauka. Diem da ke bakin ƙofa da kwanon kunu ta tsaya cak. Tun dawowarsa daga asibiti ba ta ga kansa ya bar matashi da ƙarfin kansa ba.

Daga ranar aikin A-Kim ya zama kuskure. Yau ta ce bijimin nasa saniya ce, gobe ta ce ruwan iya gwiwa ya tsaya. Shi kuma ya ce a jingina shi da matashi don ya ba ta labarin yadda yake, tunda an turo masa jahila. Da ya ga magana tana ƙare masa a tsakiya, ya fara karɓar kunun shinkafa da dankali, don ba a gardama da yunwa. Amma wanka ya ƙi. A-Kim ta lura duk sanda Diem ta shigo da baho, sai ya rufe ido ya hau zaginta, zagin da ba ya yi mata idan abinci ta kawo. Wata rana da Diem ta tafi ɗauko 'yarta, A-Kim ta ajiye wasa ta tambaye shi kai tsaye. Yana kallon rufi ya ce, "Matar ɗana ce." Bai ƙara ba.

Ta kai maganar ofis. Malama Liau ta ce da an sani tun farko da an huta da jifa da takalmi, ta shiga bugun waya da rubuce-rubuce har ta samo namiji ma'aikaci da zai riƙa zuwa wanka, da kuma mai koyar da motsa jiki. Ta ce saura Diem, wadda ta daɗe tana ba ta ranakun hutu tana ƙi, don tsoron kada a ce baƙuwa ta yar da surukinta ta tafi yawo.

A-Kim ta samu Diem a tsakar gida, ta zauna tana taya ta ɓara. Cikin zolaya ta ce ta gama tattara na Kawu, ita kuma me take so a faɗa ranarta.

Diem ba ta ɗago ba. "Ki faɗi sunana daidai, Goggo. Ya isa."

A garin nan 'yar Vietnam ake ce mata. Surukinta kuwa "ke" yake cewa. A-Kim da take taƙama ba muryar da ba za ta kwaikwaya ba ta gwada sunan, Diem ta girgiza kai. Ta sake, Diem ta rufe baki da bayan hannu. A gwaji na gaba dariya ta ƙwace mata har da hawaye, kuma hawayen bai tsaya ba bayan dariyar ta ƙare. A-Kim ta ƙyale ta, ta ci gaba da ɓarar tafarnuwa tana maimaita sunan a hankali har ya zauna.

Washegari ta bi ta kasuwa ta shaida wa matan rumfar kifi, a matsayin sirri, cewa hukuma ta ba da umarni Diem ta riƙa hutawa, kuma duk wadda aka ji ta yi tsegumi a kai ita za a tura ta kwashe fon Kawu Ting ranar. Kafin la'asar labari ya kai kunnen Malama Liau. Ta rufe ido ta ce ita dai ba ta ji komai ba. Diem ta fara fita hutu, ba wanda ya ce uffan.

Ƙarya ta ƙarshe ita ta fitar da Kawu Ting daga gida. A-Kim ta gaya masa So yana zama kullum a inuwar bishiyar gaban ɗakin bauta yana ba yara labarin ambaliya, yana cewa shi ya ceci mutane. Tsohon ya kama sandar nan mai ƙafa huɗu da ya rantse ba zai taɓa ba. Ya fara da bakin ƙofa, ya kai bakin titi, ya faɗi ya tashi, ya zagi mai motsa jiki ya zagi sandar. Ranar da ya isa gindin bishiyar yana jan ƙafa yana haki, So ya miƙe da murna ya riƙe shi. Ting ya ture hannun ya nemi ba'asi. So ya yi sororo, ya ce yaushe ya faɗi haka, ai kowa ya san Ting ne, shi kansa a bayan amalanken aka ɗora shi yana amai. Ting ya waiwaya neman A-Kim, sai ya hango ta can nesa tana cinikin rake da muhimmanci. Kafin ya yanke shawarar abin da zai yi mata an zuba masa shayi an shimfiɗa allon dara. Bai koma gida ba sai da rana ta take.

To, an ce in ganga ta yi zaƙi kusa take da fashewa. A-Kim ta ɗauka ta samo maganin tsufa gaba ɗaya. Har ta fara ce wa sauran ma'aikata su bar wahalar lallashi, tsoho tsokana yake so.

Aka ba ta gidan Inna Lua, gwauruwa mai shekaru sama da tamanin, mai sanyin hali, da ke zaune ita kaɗai da kajinta. Aikin ba yawa: shara, wanke-wanke, a duba ta sha magani, don an lura cin abincinta ya ragu. A-Kim ko zama ba ta yi ba ta saki maganar duba hanya da dokin ƙofa, tana jiran a jefe ta da wani abu. Sai ta ga fuskar tsohuwar ta washe.

"Ashe lokaci ya yi," in ji Inna Lua. Ta yi mata godiya, ta kawo mata shayi da gyaɗa, ta rako ta har babur.

A-Kim ta tafi tana cewa fushin wasu sai ya kwana yake nuna. Da ta dawo zuwa na gaba, ta tarar akurki wayam, tukwane babu, har tsintsiya an bayar. Inna Lua tana kwance a miƙe cikin kayan da ta daɗe da ɗinka wa kanta na tafiya lahira, hannuwa a kan ƙirji, ko ruwa ta daina sha. Malama Liau ta riga ta iso da nas, wata maƙwabciya ce ta kira su.

Malama Liau ta ja A-Kim waje. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi sauƙi.

"Goggo Kim, Kawu Ting fushi ne ya kwantar da shi, kika tsokano fushin ya tashe shi. Ita me ya kwantar da ita?"

Malama Liau ta ƙara jefo mata wata tambayar.

"Kin tambaye ta?"

Ta gaya mata za ta cire ta daga gidan, sai fa in Inna Lua da kanta ta ce ta zauna. Ta ce kuma duk ranar da ta sake yi wa mara lafiya irin wannan wasa ba tare da sun yi shawara ba, ranar za ta ajiye rigar aiki.

A-Kim ta koma ɗakin, ta durƙusa a gefen gado, gwiwoyin suna ƙara. Ta faɗa wa tsohuwar gaskiya: ba wanda ya aiko ta daga ko'ina sai ofis, shara da wanke-wanke aka turo ta, sauran duk rashin linzamin bakinta ne. Inna Lua ta ce mijinta yana can, yayarta tana can, ɗanta ɗaya tilo ma yana can, ita ta ɗauka sun tuna da ita ne. Ta faɗe shi ba kuka ba ƙorafi, kamar mai cewa motar da take jira ba ta zo ba.

A-Kim ta lalubi abin dariya a duk inda take ajiye su, ba ta samu ba. Sai ta yi abin da ya kamata ta yi tun ranar farko, ta tambaye ta ko akwai abin da ransa ke nan duniya da take so ta gani. Tsohuwar ta ce tana tunanin kazarta wake-wake, ba ta iya ci a cikin taro, sai an ware mata nata a gefe. Ba ta san ko wanda ta ba ya sani ba.

A-Kim ta bi gida-gida da kwando a bayan babur. Maƙwabta suka mayar da kaji da tukwane cikin jin kunya, sai mutum ɗaya, Hok-lai mai gyaran babur. Kaji biyu aka ba shi, ya riga ya cinye ɗaya, wake-waken ce ta rage. Ya ce kyauta ba ta komawa, in ofis yana son kaza ya je kasuwa. A-Kim ta fita waje ta kira Malama Liau, tunda an ce sai da shawara. Ta ce dokar nan ta hana tsokana, ta shafi lafiyayyen ƙato mai cin kazar gwauruwa? Malama Liau ta ce layin ba kyau, ba ta ji sosai, ta kashe.

Da safe, lokacin da masu babur suka cika shagon, A-Kim ta iso cikin fararen kayanta na da, ta ja hula ta tsaya a tsallaken titi. Ba ta yi kuka ba. Ta dai riƙa auna tazarar da ke tsakaninta da ƙofar shagon da ido, ta yi gyaran murya, ta tambayi wani mai wucewa ko ya san shekarun Hok-lai da kuma abincin da ya fi so. Masu gyara suka fara tura baburansu suna sulalewa. Ba a jima ba matar Hok-lai ta fito da gudu, wake-wake a hammata, agwagwa a ɗaya hannun a madadin wadda aka ci.

Inna Lua ba ta warke kamar an kunna fitila ba. Ta dai cire kayan tafiyar ta ninke, don ba a shiga akurki da su. Da Malama Liau ta tambaye ta ko a sauya mata ma'aikaciya, ta ce a bar wannan, ta riga ta san inda tukwane suke. Ta fara cin loma kaɗan idan A-Kim ta zauna suka ci tare. Malama Liau ta haɗa ta da likitan da ke duba masu damuwa, ta kuma samar mata wuri a abincin rana da ake dafa wa tsofaffi a zauren gefen ɗakin bauta. Wata rana ta je, wata rana ta ce ba ta jin fita. Agwagwar ce ma ta fi ba ta aiki, don ta ƙi jituwa da kowa a gidan.

Daga waɗannan gidaje biyu Malama Liau ta sauya tsarin aikinsu. Ta ce daga yanzu zuwan farko ba baho ba tsintsiya. Ma'aikaci ya zauna, ya sha shayi in an ba shi, ya ji ko wane ne mai gidan kafin ciwo ya zo, da sunan da yake so a kira shi, da wanda ya yarda ya taɓa jikinsa, da abin da ke hana shi barci. A tambayi mai jinyar ma, ba majiyyaci kaɗai ba. Wasu ma'aikatan suka yi gunaguni cewa ɓata lokaci ne, amma korar da ake yi musu a gidaje ta ragu, sai suka yi shiru.

Ta kuma sa A-Kim ta riƙa yi wa sababbi magana, bisa sharaɗin ba batun akwatin gawa. A-Kim takan ce musu in tsoho ya ƙi magana, su faɗi wani abu nasa ba daidai ba, zai gyara musu, kuma wanda ya gyara maka ya farka. Malama Liau daga bayan aji takan ƙara da cewa bayan an san wane irin tsoho ne. A-Kim ta ce ai nan za ta zo. A cikin sababbin da suka zauna a gaba a shekara ta biyu har da Diem, wadda ta ce tunda ta iya da surukinta, ba tsohon da zai ba ta tsoro.

A bara gwiwar dama ta ƙi gaba ɗaya, aka kwantar da A-Kim aka yi mata aiki. Da aka ce ta fara takawa, sai ta riƙa bin barandar sashen maza a hankali cikin farar rigar asibiti, tana leƙa kowane ɗaki tana gaida mutanen yankinsu da sunayensu, tana tambayar yaya jiki da murya mai taushi. Nas-nas suka ce ba su taɓa ganin tsofaffi sun dage da shan magani da neman sallama kamar makon nan ba. Babbar nas ta roƙe ta ta koma yin atisayen a sashen mata, ta ce can ba ta san kowa ba.

Yanzu tana gida tana jiran a gama cirar tafarnuwa ta koma aiki. Malama Liau ta kai mata ziyara da lemo, ta ce in ta dawo gidaje masu sauƙi za a ba ta, waɗanda ba ɗagawa ba gardama. A-Kim ta ce ta gode, ta ɓare lemo ta miƙa mata rabi, sannan ta tambaya ko gaskiya ne tsohon shugaban makarantar firamare ya kori ma'aikaciya ta uku.